Gigin Tsufa: Kulle Tsoho A Ɗaki Ba Gata Ba Ne

Da zarar kaka ta yi, gidajenmu a Tsiga da ƙauyukan Funtua da Malumfashi sukan zama wayam da rana. Kowa yana wajen karyar masara ko tsinkar auduga. Wanda ake bari shi ne tsohon da gigin tsufa ya kama, wanda ba ya gane hanyar gida, wani lokaci har sunan 'ya'yansa. Sai a ja masa ƙofa a sa kwaɗo, don kada ya ɓata ko ya faɗa rijiya. Mun sha tarar da haka wajen gaida marasa lafiya. Niyya mai kyau ce, amma kafin a gama kai amfanin gona rumbu, tsohon da ke zuwa kasuwa da ƙafarsa sai an ɗaga shi.

Da farko mu sani wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba maita ba ne, ba kuwa sammu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da shi, kuma sama da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe irin namu. Wani bincike da likitoci suka yi a Zariya, aka buga a 2011, ya sami kusan tsofaffi 3 cikin 100 da ciwon. Ba ciwon Turawa kaɗai ba ne.

Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. In tsoho ya daina tafiya, naman cinyarsa yakan zube cikin 'yan makonni, gwiwa ta ƙage, jiri ya riƙa ɗibarsa in ya miƙe. Mai gigin tsufa ya fi sauran tsofaffi yawan faɗuwa, kusan ninki biyu. In ƙashin ƙugu ya karye sai kwanciya, daga nan gyambon kwanciya da ciwon huhu. Sau da yawa waɗannan ne ajali, ba mantuwar ba.

Nan ne aikin masu gashin ƙashi ya shigo. Mutane da yawa suna zaton aikinsu na mai karaya ne ko mai shanyewar ɓarin jiki kawai. Alhali suna koya wa tsoho tashi da zama, da tsayuwa daram, su auna masa sanda daidai tsawonsa. Amma kada mu ruɗi kanmu. Wani babban gwaji a Ingila a 2018 ya nuna motsa jiki ya ƙara wa masu ciwon ƙarfi, amma bai tsayar da mantuwar ba. Ribar ita ce Baba ya kai kansa bayan gida da ƙafarsa, ya riƙe mutuncinsa.

Matsalar ita ce waɗannan ma'aikata sun fi yawa a manyan asibitoci, kamar asibitin koyarwa na Shika da asibitin ƙashi na Dala a Kano. Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar kula da tsofaffi a 2021, amma takarda ba ta ɗaga tsoho daga tabarma. Muna roƙon hukumomin lafiya na Jihar Katsina su riƙa turo masu gashin ƙashi asibitocin karkara, ko da sau ɗaya a wata, su koya wa masu jinya.

Kafin nan, 'yan'uwa, sauran aikin namu ne. A sama wa tsoho kujera mai hannu, don tashi daga ƙasa ya fi wuya. Ya tashi ya zauna sau biyar, safe da yamma, wani na riƙe da shi. A zaga tsakar gida da shi kullum a lokaci guda. A rufe rijiya, a kawar da turmi da igiya daga hanya, a bar fitila da dare. Kada a cika shi da bayani. A nuna masa, zai kwaikwaya. A ba Iya wake ta tsince, hannu ba ya mance aikinsa da wuri. In ya faɗi ya kasa taka ƙafa, a kai shi asibiti ran nan.

Zumuntar mata da matasa kuma su raba kwanaki a lokacin kaka, kowace rana a sami mai zama da tsohon. In akwai mutum a gida, babu bukatar kwaɗo.