CUTAR DA TA FITO DAGA KEJIN KASUWA

A watan Nuwamba na 1997 ba wanda ya san sunanta, haka ma shekara biyar bayan nan, sai a ƙarshen 2002 wata cutar numfashi ta ɓulla a lardin Gwandon na ƙasar Sin, aka sa mata suna SARS. Kafin a shawo kanta a 2003 ta kama mutum wajen 8,000, ta kashe 774, ta kuwa ƙetara har Kanada.

Likitoci suka bi sawunta kamar yadda ake bin sawun ɓarawon shanu. Suka ga cikin waɗanda ta fara kamawa akwai masu dafa abinci da masu hulɗa da naman daji. A watan Mayu 2003 masana suka sami ƙwayar cutar a jikin wata dabba dangin tunkun jibda, a wata kasuwa ta birnin Shenzen. Da Janairu 2004 ya kama, hukuma ta ba da umarni a karkashe wajen 10,000 daga cikinsu.

Ashe an kama dillali ne, mai kaya na can. Da aka gwada irin dabbar nan a gidajen kiwo, galibi ba a same su da alamar cutar ba, na kasuwa ne suke ɗauke da ita. A 2005 aka gano danginta a jikin jemagu, a 2017 kuma aka bayyana wani kogo a lardin Yunan inda jemagu ke ɗauke da kusan dukan sassanta. Watau laifin yana ga yadda ake cinikin: keji bisa keji, kashin na sama na zuba kan na ƙasa, dabbobin da ba su taɓa gamuwa a daji ba suna kwana wuri guda, ga yunwa ga firgita, mahauci kuma na yanka hannu ba kariya.

Annobar korona ma, yawancin waɗanda aka fara gani da ita a Disamba 2019 suna kewayen wata kasuwa ce a Wuhan inda ake sayar da dabbobin daji da rai. Har yanzu dai masana na gardamar asalinta, gama an rufe kasuwar an wanke ta ranar 1 ga Janairu 2020.

Kada manomi ya ce abin na Sin ne kaɗai. A 2003 aka yi jigilar gafiyoyi da wasu ɓeraye daga Gana zuwa Amurka, suka kai ƙyandar biri, mutum 47 suka kamu. Zazzaɓin Lasa kuwa a garin Lasa na Barno aka fara gane shi a 1969, ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashi.

To, farautar jemage da ƙona kogonsa wauta ce, domin masu cin ƙwari daga cikinsu suna rage wa gona ɓarna kyauta. Abin da ya kamata shi ne sarakunan kasuwa su raba masu naman daji da 'yan kaji da 'yan awaki, su kuma hana kawo dabbar daji da rai. Wanda ya tsinci gawar dabba a daji ya bar ta, ko da kuwa gada ce mai ƙiba. Yara masu cinna wa daji wuta da rani don kamun ɓera kuma, iyayensu su tsawata musu, a kuma riƙa rufe hatsin da aka shanya kafin dare ya yi.