Kada Mu Ɗora wa Kimiyya Abin da Ba Ta Faɗa Ba

Wani ɗalibina ya nuna mini saƙon da ake yaɗawa, wai ilimin kwantum ya tabbatar mutum na iya ratsa bango, don haka hujja ce ta karama. Na ce masa ya dakata.

Tun 1927 Friedrich Hund ya bayyana cewa ƙanƙanin abu na iya ƙetare shingen da ƙarfinsa bai isa ya haura ba. Sai dai yiwuwar hakan tana raguwa matuƙa gwargwadon nauyin abin da kaurin shingen. Ilektron kan yi, jikin ɗan Adam kuwa ko kusa.

Abin al'ajabin gaskiya yana cikin jikinmu. Idan ƙwayar sinadari ta sha haske, ilektron ɗinta kan hau matakin sama. Da yake motsinsa a ɗaure yake da karkarwar zarrorin ƙwayar, sai kuzarin ya koma karkarwa, ya fita a matsayin zafi. Ta haka tubalan DNA ke zubar da hasken rana mai ƙuna cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa, galibi kafin ya yi ɓarna. Bin diddigin irin wannan motsi ne ya sama wa Ahmed Zewail, ɗan Masar, lambar Nobel a 1999.

A ganina, 'yan uwa, wannan ya wadatar. Wanda ya jingina imaninsa da labarin ƙanzon kurege, me zai riƙe ranar da malamin kimiyya ya ƙaryata shi? Mu tabbatar kafin mu tura.

Allah ne Mafi sani.