Yaƙin 1914: Yadda Wutar Turai Ta Tare Hanyar Ayari

Masu iya magana na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Duk wanda ya ga yadda kuɗin fulawa da taki suka hau bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren a 2022 ya san nisa ba ya hana yaƙi shigowa kasuwa. Mu a Kelle da ke ƙasar Kutus, arewa da Gure, ba yau farau ba. Kakanninmu sun ɗanɗana irin wannan a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Me ya haddasa shi? Manyan ƙasashen Turai sun daɗe suna kishin juna kan ƙasashen mallaka da kasuwanni da makamai, har suka rabu gida biyu: Jamus da Ostiriya a gefe guda, Faransa da Rasha da Ingila a ɗaya gefen. Kamar ƴan kasuwar da suka tsaya wa juna a bashi ne, in ɗaya ya faɗi sai ya ja sauran. Ranar 28 ga Yuni 1914 wani saurayi mai kishin Sabiyawa ya harbe yarima mai jiran gado na Ostiriya a Sarayebo. Ostiriya ta auka wa Sabiya, Rasha ta tsaya wa Sabiya, Jamus ta shelanta yaƙi da Faransa ranar 3 ga Agusta, washegari Ingila ta shigo. An ɗauka abin na ƴan watanni ne. Amma da aka tare sojojin Jamus a kogin Marne cikin Satumba, sai kowa ya haƙa ramuka ya zauna, aka shekara huɗu ana kashe juna.

Mu kuwa yaƙin ya tarar da mu a jigace. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta riga ta share rumbuna. Fataucin hamada ma yana mutuwa, domin Italiya ta kama Tarabulus a 1911, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano daga Ikko ya kwashe kayan da raƙumi ke ɗauka. A kan haka ne Faransa, wadda ke mulki daga Damagaram, ta ƙara matsa lamba: ga haraji, ga ɗaukar samari soja, ga karɓar raƙuma da ƙarfi don jigilar kayan sojoji. Raƙumin da aka karɓe kuwa shi ne wanda zai kai hatsi Bilma ya komo da gishiri da dabino.

Daga arewa ma wuta ta taso. A ƙarshen 1914 Turkiyya ta shiga ɓangaren Jamus, ƴan Sanusiyya kuma suka kori Italiya daga Fazzan suka samu bindigogi. Da irin waɗannan makamai Kawsan ya kewaye barikin Faransa a Agadas cikin Disamba 1916, da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama. Rundunar da ta tashi daga Damagaram ta ƙwace garin cikin Maris 1917. Abin da ya biyo baya shi ne kashe-kashe da ƙwace dabbobi da gudun Abzinawa zuwa kudu, aka yi shekaru kafin ayari ya farfaɗo.

Abin lura a nan, yaƙi kan fara taɓa hanya, sannan abin hawa, sannan tiya. Haka muka gani da aka rufe iyakokin Najeriya da Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023: shinkafa da magani suka yi tsada tun daga Yamai har ƙauyuka.

Don haka ɗan kasuwa kada ya rataya jarinsa duka a hanya guda. Mai ƙosai da mai fura su lura da bashin da suke bayarwa in labarin duniya ya fara zafi, manomi kuma kada ya sayar da hatsinsa kaf da kaka. Hukumomi su ma su cika rumbunan tsimi tun abinci na araha, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.