Girman Harsashi Da Tsaron Ƙasar Gobir

Duk wanda ya zauna da mutanen Sabon Birni ko na Isa, lalle ya ji magana guda wadda ba ta barin bakinsu, watau wai bindigogin 'yan fashin daji sun fi na soja ƙarfi. Ba mu ga laifinsu ba. A watan Mayu 2020 an kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni cikin yini guda. A watan Satumba 2021 aka auka wa sansanin masu tsaro a Burkusuma. A watan Agusta 2024 kuma Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Amma da yake maganar ta shafi inda za a zuba kuɗin jama'a, ya kamata mu auna ta da hankali.

Harsasan da sojojin duniya suka fi yaƙi da su iri uku ne. Na fari shi ne na bindigar AK-47 wadda Kalashnikov ya ƙera a Rasha a 1947. Kaurinsa milimita 7.62, tsawon kwansonsa 39, nauyinsa kamar giram 8, kuma yakan sami abin da aka auna har wajen yadi 300. Na biyu shi ne na bindigar FN ta Beljiyam da G3 ta Jamus, wanda ƙungiyar NATO ta ɗauka a 1954. Kaurinsu ɗaya da na fari, amma tsawon kwansonsa 51, saboda haka ya fi cin albarushi, ya fi gudu, yakan kai yadi 600. Na uku shi ne siririn nan mai milimita 5.56 wanda Amurka ta yi yaƙin Biyetnam da shi. Nauyinsa kamar giram 4 ne kurum.

To, in ƙarfi ake nema, harsashin AK-47 da 'yan fashi ke taƙama da shi bai kama ƙafar na FN ba. Me ya sa manyan ƙasashe suka bar babban suka koma ƙarami? Dalili shi ne, bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana suka duba suka ga yawancin harbin da sojan ƙasa ke yi bai wuce yadi 300 ba. Har wa yau babban harsashi yana da nauyi, yana kuma ture kafaɗa. Soja mai ɗauke da na 5.56 yakan ɗauki ninki biyun abin da mai FN zai ɗauka. FN kuwa harsashi 20 take ci, AK-47 tana cin 30.

Haka abin yake a ƙasar Gobir. Mutumin da ya yi kwanton ɓauna cikin gero ko a bakin gulbi ba ya bukatar bindiga mai cin yadi 600. Abin da ke ba shi galaba shi ne yawan mutane, da babura, da masu kai masa labari, da sanin daji, da kusancin iyakar Nijar. Gaskiya ne an ga bindigogi masu jigida a hannunsu, gaskiya ne kuma ɗan sa-kai mai bindigar toka, wanda sai ya ɗura kafin ya sake harbi, ba ya iya tsayawa gaban AK-47. Amma tsakanin soja da ɗan fashi, ba a bakin bindiga bambancin yake ba.

Tarihin Sakkwato ma ya nuna haka. A watan Fabrairu 1906 mutanen Satiru, da gatura da fartanyoyi, suka fatattaki sojan doki na Turawa, har suka ƙwace bindiga mai ruwa, domin sun tarar da su ba su gama shiri ba. Da Turawa suka komo a watan Maris da shiri sosai, sai suka rushe garin.

Inda muke so hukuma ta sa ido shi ne kan harsashin kansa. AK-47 takan yi shekaru masu yawa ba ta lalace ba, amma harsashi ƙarewa yake yi, tilas kullum a nemo sabo. Waɗansu makaman sun kwararo ta hamada bayan faɗuwar Gaddafi a 2011. Sa'an nan, tun da yake soja da 'yan sanda su ma suna riƙe da AK-47, duk harsashin da ya ɓace daga ma'aji, ko aka ƙwace a sansani, ya yi daidai da bindigar ɗan fashi.

A gindin yawancin kwanso akwai hatimi mai nuna ma'aikatar da ta yi shi da shekarar da aka yi shi. Da ana tsince kwansunan bayan kowane hari a Isa da Sabon Birni, ana rubutawa, ana gwadawa da littafin ma'aji, da an san ƙofar da suke fitowa. Wannan aikin akawu ne mai amana, kuɗinsa kuwa bai kai na sabbin bindigogi ba. Muna roƙon Gwamnati ta fara da wannan, tare da gyaran hanyoyin da taimako zai bi ya isa ƙauye da wuri. Allah ya ba ƙasar Gobir lafiya, amin.