Iya Tuƙi Fidda Kai



Ku tuno da labaran da muke rubutawa ana karantawa a wayoyi, ku duba yadda jarumi yake shigowa. Kusan kullum a mota yake zuwa, motar kuma jibgegiya, baƙa wuluk, mai duhun gilashi, maigadi na rawar jiki wajen wangale mata ƙofa. Idan ransa ya ɓaci kuwa, mun san abin da zai biyo baya: ya figi motar a guje, taya na ƙara, masu adaidaita sahu na kaucewa suna ja masa Allah ya isa. Ni ma na rubuta irin wannan fitowar, ba sau ɗaya ba, kuma na ji daɗinta lokacin da nake rubutawa. Yanzu ina ganin mun yi wa masu karatunmu mummunar tarbiyya. Mun koya musu cewa girman mota shi ne daraja, gudu kuma shi ne iya tuƙi. Abubuwa biyu daga ƙasashen waje suka sa na sauya ra'ayi, su nake so mu duba a wannan mako.

Na farko wata gasar mota ce ta Amurka da ake kira otokuros, wadda masu sha'awa ke yi, mutanen da tsere ba sana'arsu ba ce. Ba ta buƙatar filin tsere na musamman. Akan sami babban filin ajiye motoci da ba kowa a ƙarshen mako, ko tsohon filin saukar jirage, a jera robobin nan masu tsini da launin lemo waɗanda masu gyaran titi ke kafawa, a fitar da siririyar hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe. Motoci ba sa jerawa su yi rige-rige. Ɗaya bayan ɗaya ake sakinsu da tazara, agogo ne abokin karawar kowa. Zagaye ɗaya kimanin minti guda ne, gudun kuma da wuya ya haura na babbar hanya. Kowace roba an zagaye gindinta da alli. Ka kayar da ita, ko ka ture ta daga cikin zanen, a ƙara maka daƙiƙa 2 a kan lokacinka. Ka tsallake wata ƙofa, zagayen gaba ɗaya ya tashi a banza. A wasan da tsiran da ke tsakanin na ɗaya da na biyu kan gaza ƙiftawar ido, daƙiƙa 2 ta isa ta mayar da mutum can ƙasan jeri.

Da yawa da motar da suke zuwa aiki suke shiga. Kafin a fara, a duba birki da taya, a tabbatar batir a ɗaure yake, a kwashe duk tarkacen da zai iya yawo a cikin mota, direba ya sa hular kwano. Ba a ba ka damar gwada hanyar da mota. Da ƙafa za ka zagaya ta da safe, ka haddace kwanoninta. Kuma idan ba kai ke tuƙi ba, aiki kake: za a tsayar da kai a rana kana tsince robobin da wasu suka kayar, kamar yadda su ma za su tsince naka. Ƙungiyar SCCA, wadda aka kafa a 1944, ita ce ta fi shahara wajen shirya wasan. Tun 1973 take gasar ƙasa, tun 2009 kuma ake yin ta a garin Lincoln na jihar Nebraska, inda direbobi fiye da 1,000 ke haɗuwa kowane watan Satumba.

Ɗaya daga cikin motocin da suka fi suna a wannan fage ita ce Mazda Miata, 'yar mota mai kujera biyu da ta fito a 1989, nauyinta kimanin tan ɗaya, injinta madaidaici. An raba motoci aji-aji don a yi adalci, amma da yake hanya ɗaya kowa ke bi, lokacin kowa a fili yake, kuma ba baƙon abu ba ne gwani a ƙaramar mota ya ba wa sabon shiga mai ƙaton inji kashi.

Dalilin ba boyayye ba ne. Abin da ke taɓa kwalta daga kowace taya bai fi faɗin tafin hannu ba, kuma riƙon da taya za ta iya yi yana da iyaka. Idan ka ƙarar da shi wajen taka birki, babu sauran na juya kan mota. Mota mai nauyi idan ta shiga kwana, nauyinta gaba yake son ya miƙe da ita. Gudu kuma idan ka ninka shi biyu, tazarar da kake buƙata kafin ka tsaya ninkawa huɗu take yi. Shi ya sa gwanayen wannan wasa ba sa fizgar sitiyari, ba sa danne totur lokaci guda, idonsu kuma yana can kan kwana ta biyu ko ta uku a gaba, yayin da sabon shiga ke zura wa robar da ke gabansa ido har ya take ta. Ƙarar tayar da muke rubutawa a matsayin alamar jarumta, a wurinsu shaida ce cewa mutum ya wuce iyaka, lokaci kuma yana tsiyaye masa.

Abu na biyu shi ne 'yan ƙananan motocin lantarki na zirga-zirgar cikin gari. A 2020 kamfanin Citroën na Faransa ya fito da wata mai suna Ami. Tsawonta mita 2.41, nauyinta bai kai rabin tan ba, kujera biyu, gudunta ba ya wuce kilomita 45 a awa, caji ɗaya kuma yana kai ta kimanin kilomita 75. A soket ɗin gida ake jona ta, ta cika cikin awa uku zuwa huɗu. Don a rage kuɗin ƙira, gabanta da bayanta kusan iri ɗaya ne, ƙofofinta biyu ma tagwaye ne, shi ya sa ɗaya ke buɗewa ta gaba, ɗaya ta baya. A Kenitra ta ƙasar Maroko ake haɗa ta. A dokar Faransa ba a ma lissafa ta cikin cikakkun motoci, ɗan shekara 14 na iya tuƙa ta da irin takardar da ake ba masu ƙaramin babur.

A shekarar ce kuma a Sin aka fara sayar da Wuling Hongguang Mini EV, da ake ƙerawa a birnin Liuzhou, tsawonta bai cika mita 3 ba, da kujera huɗu, farashinta na farko yuan 28,800. Cikin 'yan watanni ta zarce Tesla Model 3 a cinikin wata-wata a ƙasar, zuwa 2023 kuma an sayar da fiye da miliyan ɗaya. Masu sayenta sun yi lissafi ne mai sauƙi: daga gida zuwa aiki, zuwa kasuwa, zuwa makarantar yara, kilomita nawa ne, kuma mutum nawa ne a cikin motar? Daidai ruwa daidai tsaki. Ku kwatanta da GMC Hummer mai lantarki ta Amurka, mai nauyin fiye da tan 4, wadda wutar da batirinta ke ɗauka ta isa ta cika batiran Ami fiye da 35. Sau da yawa kuma mutum ɗaya ne kowaccensu za ta kai ofis.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Ƙaramar mota idan ta yi karo da babba, ita ke kwana a ciki. Ami ba ta da jakar iska, kuma dokar Turai ba ta ɗora wa ire-irenta gwajin haɗarin da take ɗora wa cikakkun motoci ba. Hukumar Euro NCAP ta gwada wasu 'yan wannan aji a 2014 da 2016, sakamakon bai yi kyau ba. Tarihi ma ya nuna ba kullum ƙarama ke nasara ba: bayan tsadar mai ta 1973, wani kamfani a jihar Florida ya fito da 'yar motar lantarki mai suna CitiCar a 1974, amma cikin shekara uku ya durƙushe. A wajenmu kuwa, mai iyali goma ina zai zuba su, kuma da wace wutar zai yi caji? Duk na yarda. Ban ce kowa ya sayar da motarsa ya nemi Ami ba.

Hasali ma, wani abu da ya faru da ita a watan Maris na 2023 shi ne ya haɗa mini batutuwan nan biyu. A Monaco, a sananniyar lanƙwasar nan mai kama da gwiwar hannu da motocin Formula 1 ke bi a hankali, wani ya shigar da Ami da gudun da ya fi ƙarfinta, ta ɗaga ƙafa ta kife, bidiyon ya zagaya duniya. Motar da ba ta wuce kilomita 45 ke nan. Masu otokuros sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa dokokin SCCA ke hana motoci masu tsayin kai da ƙuntataccen tsakanin taya shiga gasa, don gudun kifewa. Wato kowace mota, babba ko ƙarama, tana da iyakarta. Direba shi ne wanda ya san inda iyakar take, ya kuma koye ta a filin da ba kowa, inda kuskure roba kawai zai kayar.

A nan ne maganar ta iso gida. Mu ma muna da wasan mota, sai dai namu a kan titin jama'a ake yi. Duk wanda ya zauna a Kano ko Kaduna ko Abuja ya ga samari ranar kai amarya ko lokacin sallah suna wujijjiga motoci, wasu zaune a kan tagogi, 'yan kallo a gefe babu shinge. An yi wa'azi, an yi kame, abin bai mutu ba, domin abin da yaran ke nema shi ne a ce sun iya. To a ba su wurin da za a auna iyawar. Fili mai kwalta da aka killace, robobi, alli, agogo, hular kwano, bakaniken da zai duba birki, da allon da za a rubuta lokacin kowa. Wanda ya saba burge mutane da hayaƙin taya, ranar da ya ga wani mai tsohuwar Golf ya riga shi da daƙiƙa 3 ba tare da ƙara ba, zai koyi abin da nasiha ba ta koya masa ba. Wannan aiki ne da ƙungiyoyin direbobi da hukumomin kula da hanya za su iya haɗa hannu a kansa.

Ta ɓangaren girma ma, rayuwa ta riga labaranmu yin gaba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, ƙaton inji ya zama kaya a wuyan mai shi. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan bas-bas masu shan mai zuwa masu aiki da lantarki. Kuma idan muka faɗi gaskiya, abin da ke ɗauke da Kano kullum daga asuba zuwa dare mai ƙafa uku ne.

Mu ba mu da ikon ba da fili, ba ma ƙera mota. Abin da ke hannunmu shi ne abin da mai karatu zai ɗauka a matsayin burgewa. Yaron da ya taso yana karanta cewa namiji idan ya fusata totur yake dannawa, wata rana zai sami makulli a hannunsa. Saboda haka ga roƙona. Idan jaruminka zai figi mota cikin fushi, kar ka yanke labarin a kan ƙurar da ya tayar. Ka nuna mana yarinyar tallan da ke bakin titi, da suna, da uwar da ke jiran cinikinta. Idan kina so ki nuna mana mai hankali, ki sa shi ya gangara gefe ya kashe mota har zuciyarsa ta sauka. Ku gwada ba mu jarumar da za ta shigar da 'yar ƙaramar motarta da baya cikin lungun da maza uku suka kasa, ko mai adaidaita sahun da zai ratsa cunkoson Kantin Kwari da mai naƙuda ba tare da ya girgiza ta ba. Kafin ku rubuta, ku je tasha ku zauna da tsohon direban da ya shekara 30 yana bin hanyar Kano zuwa Maiduguri, ku tambaye shi abin da yake kallo idan yana tuƙi, da abin da ƙafarsa ke yi idan taya ta fashe. Za ku dawo da abin rubutawa da ya fi jero sunayen motocin da yawancinmu a hoto kawai muka san su.

Hausawa sun ce iya ruwa fidda kai. Haka ma tuƙi: wanda ya iso gida, da shi da waɗanda ya ɗauko da waɗanda ya wuce a hanya duk lafiya, shi ne ya iya.

Ga aikin wannan mako ga mai sha'awa: a rubuta fitowa ɗaya, kalmomi 300, wadda tuƙin mutum zai bayyana mana halinsa, ba tare da an ambaci sunan motar ko kuɗinta ba. Wanda kuma yake ganin na ƙware jibgegiyar motar jarumi, fili nasa ne, ya kawo hujjarsa mu ji.