Kakin Goge Mota: Gwada Kafin Ka Zuba Kuɗinka

 

Tun da aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a watan Nuwamban 2024, bayan ta yi shekaru a rufe saboda matsalar tsaro, motoci suka dawo hanya. Wasu daga Kaduna ta Buruku da Udawa, wasu daga Funtuwa, wasu daga Tegina. Duk inda mota take kuwa, akwai wanki. Na san da yawa daga cikinku kuna wankin mota ko babur ranakun Asabar da Lahadi, da abin da kuke samu kuke sayen littattafai, wasu ma suna tara kuɗin jarrabawar NECO ko WAEC. To, akwai wani ɗan gwangwani da masu kayan gyaran mota ke tallatawa, an rubuta "carnauba" ɓaro-ɓaro a jikinsa, wai yana mayar da tsohuwar mota sabuwa dal. Kuɗinsa zai cinye ladan wanki na kwanaki da dama. Shin ya cancanci ɗalibi ya zuba ɗan jarinsa a ciki?

Mu fara da sanin abin. Karna'uba sunan wata bishiya ce 'yar gidan su giginya da goriba, mai faffaɗan ganye kamar mafici. Gidanta arewa maso gabashin Burazil, musamman jihohin Piaui da Ceara, yankin da rani ke daɗewa kamar namu. Don kada rana ta tsotse ruwan jikinta, sai Allah Ya lulluɓe ganyenta da wani siririn kaki. Da rani ake sare ganyen, a shanya shi, a bubbuga har kakin ya zubo kamar gari, sannan a narka a tace. Aiki ne mai wuyar gaske, kuma hukumomin ƙwadago na ƙasar sun sha ceto leburori daga gonakin da ake bautar da su.

Wataƙila ka taɓa cin wannan kaki ba ka sani ba. Da shi ake sa wa wasu alawoyi da ƙwayoyin magani santsi da sheƙi, kuma idan ka ga E903 a bayan leda, shi ake nufi. Yana cikin man goge takalmi da jan baki. Darajarsa ta kai a 1935 shugaban kamfanin Johnson na Amurka, Herbert Johnson, ya tashi a ƙaramin jirgin sama takanas har birnin Fortaleza don ya ga bishiyar da idonsa.

Me ya sa shi ake nema don mota? Amsar tana littafinku na kimiyya, a darasin zafin da abu ke narkewa. Man kaɗanya a tafin hannu ma narkewa yake yi. Kakin zuma yana narkewa a wajen digiri 62 zuwa 65 na ma'aunin Salshiyos. Karna'uba kuwa sai ya kai 82 zuwa 86. Duk wanda ya taɓa jingina da baƙar mota da azahar a watan Afrilu ya san irin zafin da jikinta ke ɗauka. Kakin da zai zauna a kan wannan ƙarfe dole ya zama mai tauri. Abu na biyu, kaki ba ya shiri da ruwa. Ku tuna yadda ruwa ke dunƙulewa ya gangare a kan ganyen gwaza. Haka yake yi a kan fentin da aka shafa wa kaki.

Akwai wata dabarar talla da ya kamata ku gane. Tsantsar karna'uba ɓawo-ɓawo yake, mai tauri, ba ya shafuwa. Sai an gauraya shi da mai da wasu sinadarai kafin ya yi laushi. Saboda haka idan ka ga an rubuta 100% a jikin gwangwani mai laushi kamar man shanu, abin da ake nufi shi ne ɗan kakin da aka zuba a ciki duk karna'uba ne. Sauran abin da ya cika gwangwanin mahaɗi ne.

Da yake gani ya kori ji, a hutun da ya wuce, tsakiyar hunturu, na roƙi wani kawuna direba da ke jigilar Kaduna ya ara mini Golf ɗinsa mai ruwan bula. Na wanke ta tsaf, na bari ta bushe a inuwa. Sai na raba bonet gida biyu da salatif. Ɓangaren dama na shafa kakin da ɗan soso, siriri ƙwarai, na jira ya yi fari-fari kamar hazo, na goge da tsumma mai laushi. Ɓangaren hagu ban sa masa komai ba. Wannan ɓangaren da aka bari shi ne zuciyar gwajin. Da duk bonet ɗin na shafe, da ba yadda zan gane ko kakin ne ya kawo sheƙin, ko kuwa wankin da na yi ne.

Ga abin da ya fito. A ranar farko ɓangaren dama ya fi duhun launi da ƙyalli, har Kawu ya ce, "Kai yaro, ka ƙarasa mini ɗayan mana!" Na ce ya yi haƙuri zuwa wata guda. Da na watsa ruwa, a dama ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya gangare, a hagu ya baje ya kwanta. Amma ƙarzanen da ke jikin bonet yana nan daram a ɓangarorin biyu. Kaki yana ɗan dusashe ƙananan zane, ba ya cire su, ba ya kuma maganin tsatsa ko fentin da ya riga ya ƙone.

Bayan tafiya biyu, jar ƙurar hanya ta rufe ɓangarorin biyu daidai wa daida. Bambancin a wajen wanki ya bayyana: ruwa kawai na kwara a dama ƙurar ta bi shi, hagu kuwa sai da aka sa soso. A mako na uku Kawu ya ba da motar wanki a tasha, aka dirje ta da omo. Da ta dawo na watsa ruwa, ya kwanta shame-shame a ko'ina. Omo ya tafi da kakin ƙarƙaf, domin aikinsa ke nan, narkar da maiƙo.

To mene ne hukunci? Kakin yana aiki, amma ba ya daɗewa. Ko an kula da shi, makonni ne zuwa 'yan watanni kaɗan. Idan kwastomominka masu motar gida ne da ke ajiye ta a inuwa, kuma za su biya kuɗin gogewa daban da na wanki, gwangwani ɗaya zai yi maka motoci da yawa, domin kaɗan ake shafawa. Kafin ka saya, nemi mutum uku ko huɗu da suka yarda za su biya, ko ku haɗa kuɗi da abokan aikinka. Idan kuwa motocin haya da babura ne ke zuwa wurinka, waɗanda ake dirza da omo kowace safiya, riƙe kuɗinka. Ƙara bokiti ɗaya da tsummoki masu laushi ya fi maka amfani.

Dalili kuwa, abin da ya fi kashe fenti a garinmu shi ne share busasshiyar ƙura da tsumma. A cikin ƙurar akwai ƙananan ƙwayoyin yashi masu kaifi, kowace shara tana barin zane. Fara kwara ruwa tukuna. Yi aiki da bokiti biyu, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye soso. Fara daga sama zuwa ƙasa, tayoyi su zo ƙarshe da nasu soson daban. Idan za ka sa kaki, kada ka sa a rana, kada ya taɓa baƙar roba domin yana barin farin tabo, kuma kada ka kuskura ka shafa a gilashin gaba.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai. Mutanen Burazil sun mayar da garin ganye hajar da duniya ke saye. Mu ma muna da namu kakin. Ƙasar Birnin Gwari, mai dajin Kamuku da aka mayar gandun ƙasa a 1999, ƙasar kaɗanya ce da ɗorawa, kuma inda waɗannan bishiyoyi suke akwai ƙudan zuma. Sau da yawa idan an matse saƙa, zuman ake ɗauka a zubar da tukar, alhali a Habasha da Tanzaniya kakin zuma haja ce da ake fitarwa ƙasashen waje. Bai dace da jikin mota shi kaɗai ba, yana laushi a rana ya kama ƙura. Amma yana yin kyandir, da man goge takalmi, da man shafa idan an haɗa shi da man kaɗanya. Ba na cewa kowa ya shiga daji, kun san halin da ake ciki. Masu sayar da zuma a kasuwa suna da tukar, ku tambaye su.

Ga aikin gida. Ku samo ɗan kakin zuma, ku sa a gwangwani, ku ɗora gwangwanin a cikin tukunyar ruwan zafi har ya narke. Kada ku ɗora shi kai tsaye a kan wuta, yana kamawa, kuma a yi a gaban babba. Ku tace da ƙyalle, ku ƙara masa man gyaɗa kaɗan-kaɗan har ya yi laushin shafawa idan ya huce. Ku goge takalmin makaranta na ƙafar dama da shi, ku bar na hagu. Ku ɗiga wa kowanne ruwa a rana ta farko, da ta uku, da ta bakwai, ku rubuta abin da kuka gani, ko da bai yi muku daɗi ba. Ku aiko mini da sakamakon tare da sunan makarantarku da ajinku, za mu buga waɗanda suka fi bayani.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A yi karatu da kyau.