DANDALIN SANA'A: Sunaye Kyauta Ko Kamasho Mai Tsoka?

 A wannan wata za mu taɓo wata sana'a ce da samarinmu suka fara rungumarta, daga Nima da Mamobi a Akara har Aboabo a Kumasi, haka nan 'ya'yanmu da suka ƙetare zuwa Amurka suka zauna a unguwar Bronx ta birnin New York. Sana'ar ita ce sayar da inshora, watau mutum ya zama ejan, ya nemo wanda zai yi wa motarsa ko shagonsa ko rayuwarsa inshora, kamfani kuma ya yaga masa kamasho.

A Amurka, inda harkar ta fi bunƙasa, duk wanda ya ci jarrabawa ya karɓi lasin sai ya iske hanya ta rabu biyu. Akwai ejan na gida ɗaya, wanda hajar kamfani guda kaɗai yake sayarwa, kamar ejan na State Farm, kamfanin da aka kafa a 1922 a jihar Illinois, ko na Allstate wanda kantin Sears ya kafa a 1931. Akwai kuma ejan mai zaman kansa, wanda ke ƙulla yarjejeniya da kamfanoni da dama, ya duba wanda ya fi dacewa da mai saye ya kai shi can. Galibi na farkon kamashonsa bai taka kara ya karya ba, amma akan horar da shi, a ara masa sunan kamfani da tallansa, wasu kamfanonin ma su yi masa alkawarin sunaye da lambobin wayar mutanen da suka nuna sha'awar saye, ba tare da ya biya ko anini ba. Na biyun kasonsa ya fi tsoka, sai dai komai daga aljihunsa zai fito, har da kuɗin nemo masu saye.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a gare mu. Iyayenmu da suka yi cinikin goro da shanu a zango sun san bambancin yaron maigida da dillali mai cin gashin kansa. Yaron maigida ba ya fita neman baƙi, fatake ne ke sauka a gidan ubangidansa, shi kuwa ya yi ɗawainiya a ba shi ɗan abin da aka ba shi daga cikin la'ada. Dillali mai zaman kansa la'adar duk tasa ce, amma ranar da bai ga baƙo ba, ranar ba a ɗora tukunya.

To, bari mu ɗan yi lissafi, da alƙaluman da muka ƙaddara don misali kawai. A ce wani ya sayi inshorar rai ta dala 1,000 a shekara. Ejan na gida ɗaya ya sami kashi 40 cikin 100, dala 400 ke nan, kuma bai sayi sunan mutumin ba. Mai zaman kansa ya sami kashi 80, dala 800, amma yana sayen kowane suna a kan dala 30 daga kamfanonin da ke tara sunaye ta intanet. In cikin mutum 10 da ya kira ɗaya ya saya, ya kashe 300, saura 500, ya ɗara ɗan'uwansa. In kuwa sai ya kira mutum 20 kafin ya sami ɗaya, ya kashe 600, saura 200 kacal, ga hayar ofis da kuɗin waya da na mai suna jiransa. Ashe ke nan yawan kaso shi kaɗai ba ya nuna wanda zai koma gida da kuɗi. Iya baki da naci su ke raba gardama, sabon shiga kuwa bai riga ya san nasa gwargwadon ba.

Sai dai kalmar nan ta kyauta tana bukatar a sa mata ido, domin banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin da ya ba ka sunaye ya riga ya cire kuɗinsu daga kamashonka, kuma zai ci gaba da cirewa a kan kowane ciniki, har wanda ka samo da guminka a wurin suna ko ɗaurin aure. Ban da haka, suna suna ya tara. Akwai na mutumin da ya cika takarda yau da safe yana jiran a kira shi, akwai wanda ya yi watanni a ajiye, akwai kuma wanda aka raba wa ejan da yawa a lokaci guda, kafin ka buga waya mai ita ya riga ya gaji da amsawa. A Amurka ma kiran ba a yinsa kara zube: akwai dokar 1991 da ta taƙaita talla ta wayar tarho, sannan a 2003 aka buɗe rajistar ƙasa ta mutanen da ba sa son a kira su don talla, wanda ya keta kuma tara ce mai nauyi.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalinmu a wannan shafi, wanda masu ɗaukar sababbin ejan ba su cika son a daɗe a kansa ba, shi ne: littafin masu saye na wane ne? A inshorar mota da ta gida, kuɗin ejan na gaske yana cikin sabuntawa ne, domin duk shekarar da mai saye ya sake biya, ejan zai sake samun kasonsa. Tun a 1904 wata kotun ɗaukaka ƙara a jihar New York, a shari'ar da aka fi sani da shari'ar Yonkers, ta yanke cewa bayanan masu saye da ranakun ƙarewar inshorarsu mallakar ejan mai zaman kansa ne. Saboda haka yana iya sayar da littafinsa in ya tsufa, ko ya bar wa ɗansa, ko ya kwashe mutanensa ya kai su wani kamfani in wannan ya tsawwala farashi. Ejan na gida ɗaya kuwa, a mafi yawan yarjejeniyoyi, kamfani ne ke da mutanen, kuma akan sa masa sharaɗin kada ya neme su na wani lokaci bayan ya bar aiki. Wannan batu yana da nauyin da har babban kamfani irin Nationwide ya sanar a 2018 cewa zai mai da ejan-ejan ɗinsa na gida su zama masu zaman kansu, ya kuma kammala a 2020.

Yanzu mu dubi ɗan zango. Mene ne jarinsa? Ba shi da gona, ba shi da gidan haya, amma an san ubansa, an san gidansu, yana jin Hausa, yana iya zama da direban tasi ko mai kanti ya warware masa abin da ke cikin takardar Turanci har ya gamsu. A harkar inshorar rai, sananniyar al'ada ce a ce wa sabon ejan ya zauna ya rubuta sunayen mutum 100 da ya sani, ya fara da su. Ku duba da kyau: wanda aka yi wa alkawarin sunaye kyauta, shi ne ya fara miƙa wa kamfani sunayen kawunnansa da gwaggonninsa da abokan sallarsa kyauta. In bayan shekara biyu ya gaza ya bar aikin, kamar yadda da yawa ke yi, mutanen nan suna nan cikin littafin kamfani, wani ne zai ci moriyarsu.

Akwai kuma tarkon kunya, wanda mu muka fi kowa saninsa. Ɗan'uwa zai sa hannu don kada a ce ya ƙi ɗan gidansu, ya biya wata uku ya yi shiru. Kamfanonin inshorar rai sukan biya ejan kamashon watanni da dama tun gaba, in mai saye ya daina biya cikin shekarar farko sai a nemi ejan ya mayar da kuɗin. A nan babban kaso babban bashi ne, kuma mai zaman kansa ba shi da ubangidan da zai tare masa.

A nan Ghana, hukumar kula da inshora ta ƙasa, NIC, ita ke ba da lasin, ƙarƙashin dokar inshora ta 2021 mai lamba 1061, wadda ta maye gurbin ta 2006. Ejan yana aiki ne da sunan kamfani, shi kuwa dillalin inshora, wanda ke tsaya wa mai saye, kamfani ne mai rajista, kuma a 2019 hukumar ta sanar da ɗaga mafi ƙarancin jarinsa daga sidi 300,000 zuwa 500,000. Don haka yaron da ya gama sakandare ba zai wayi gari ya zama mai zaman kansa ba, ta gidan wani zai shiga, ko na kamfani ko na dillali. Maƙwabtanmu na Togo da Burkina Faso da Kodebuwa, tare da Nijar da Kamaru da Cadi, suna bin dokar bai ɗaya ta yarjejeniyar CIMA da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, can ma an raba wakilin kamfani da dillali.

Namu ra'ayin, wanda bai taɓa sayar da ko allura ba, ya shiga gidan kamfani ya koyi aiki, ƙaramin kamasho kuɗin makaranta ne ya biya. Amma wanda ya san kasuwarsa tana cikin zango, bai kamata ya sarayar da rabin kasonsa saboda lambobin baƙin da ba su san shi ba. Kafin a sa hannu, a tafi da takardar gida, a sami wanda ya san doka ya karanta. A tambaya sunaye nawa za a bayar a mako, daga ina suka fito, kuma mutum nawa aka raba wa. A tambaya wata nawa ne kamfani ke da ikon karɓe kamasho in mai saye ya tsaya. Sannan a nemi layin da ya faɗi makomar kuɗin sabuntawa da ta masu saye ranar da aka raba gari, in manaja ya ce ai wannan sai nan gaba, a roƙe shi ya rubuta ya sa hannu.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.